Mun zana haƙori a takarda, namu yana ruɓewa a baki

Mu huɗu ne a lungu ɗaya na ɗakin kwanan ɗalibai, tun daga shekarar farko ta babbar sakandare har muka fita. Gadonmu biyu ne masu hawa biyu, akwatunanmu a jere, kwanon shan garinmu ɗaya. Ƙaramar cikinmu muna ce mata Auta, don mun ba ta kusan shekara guda, amma a aji ita ce gaba da mu, musamman a Bayoloji da Kemistiri. Tun tana ƙaramar sakandare burinta ta zama ma'aikaciyar jinya. Da izininta muke ba da wannan labari, kuma sharaɗi ɗaya ta gindaya mana: mu faɗi namu laifin, kada mu tsaya a kan nata.

A zangon farko na aji uku malamin Bayoloji ya sa mu zana haƙori. Mun zana shi tsaf, mun ja layi mun rubuta sunan kowane sashe. Akwai farin ɓawon waje da ake kira inamel, wanda ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, har ya fi ƙashi. A ƙarƙashinsa akwai dentin mai ɗan rawaya-rawaya, wanda bai kai shi ƙarfi ba. Can tsakiya kuma sai ɓargon haƙori, inda jijiyoyin jini da na jin zafi suke. Mun haddace cewa yaro yana da haƙora 20, babba kuma 32: a kowane gefe, sama da ƙasa, akwai haƙoran gaba 2, fiƙa 1, ƙananan turame 2 da manyan turame 3. Auta ta cinye makin zanen gaba ɗaya. Amma a cikinmu babu wadda ta tsaya ta yi tunanin cewa abin nan da muke zanawa yana cikin bakinta, kuma yana iya lalacewa.

Da jarrabawar WAEC ta fara matsowa sai muka shiga karatun dare. Bayan an tashi daga firef an kashe fitilu, mu kunna 'yar tocila mu ci gaba har ƙarfe ɗaya ko biyu. Don kada barci ya sace mu, muka ɗauki ɗabi'ar jefa wani abu a baki. Iloka, hanjin ligidi, alawar madara, gullisuwa, tsami gaye, cingam mai zaƙi, duk abin da aka samu a shagon makaranta ko aka kawo mana ranar ziyara. Auta takan maƙale minti a gefen kumatu ya daɗe yana narkewa, in ya ƙare ta saka wani. Kafin mu kwanta kuma mu jiƙa gari, mu antaya masa sukari, mu sha, mu ja bargo. Buroshi yana cikin akwati sai gari ya waye.

Kada mai karatu ya ɗauka mu ƙazamai ne. Kullum da asuba muna bakin famfo, kowa da buroshinta da makilin. Har ma muna zaɓen buroshi mai tauri, mu dirji haƙora da ƙarfi, in mun tofar mun ga ja-ja mu ce baki ya fita. Ɗaya daga cikinmu takan ƙara da garin gawayi ranar Asabar don haƙoranta su yi fari. A ganinmu, a duk ɗakin babu wanda ya kai mu kula da baki.

Da lokacin sanyi ciwon Auta ya fara. In ta kurɓi ruwan randa sai ta dafe kumatu, bayan ɗan lokaci ya wuce. Daga baya ya zama in zaƙi ya taɓa turminta na ƙasa a gefen hagu sai ta ji kamar an soka mata allura. Ta koma tauna da gefen dama, shi ke nan. Wata rana ta buɗe mana baki a hasken tocila muka ga ɗan baƙin ɗigo a tsakiyar haƙorin, bai kai ƙwayar gero ba. Muka ce mata wannan ai ba komai ba ne, a bari sai an gama jarrabawa.

Da ciwon ya fara hana ta barci sai muka zama likitoci. Muka sa mata kanumfari, ya ɗan lafa na awa biyu ya dawo. Muka daka ƙwayar asfirin muka cusa a ramin, washegari dasashin wurin ya yi fari fat, ya saluɓe kamar an zuba masa ruwan zafi. Wata a ɗakin ta ce tsutsa ce a ciki, a ɗiga mata turare ta mutu. Wata ta ce a garinsu ruwan batir ake ɗigawa. Allah ya taimake mu ba mu sami batir ba, domin da mun samu a daren nan, da wataƙila mun gwada. Sai ga shi wata rana ciwon ya ɗauke ɗif da kansa. Muka yi murna, muka ce magani ya ci. Ashe jijiyar haƙorin ce ta mutu, ƙwayoyin cuta kuma suna ci gaba da gangarawa zuwa saiwa.

Daren da za a wayi gari a yi gwajin Kemistiri a ɗakin gwaje-gwaje, Auta ta tashe mu tana rawar sanyi. Muƙamuƙinta na hagu ya kumbura ya yi tauri, kumburin ya gangaro wajen wuya, bakinta ba ya buɗuwa sosai. Muka riƙe ta muka kai ta ɗakin shan magani. Nas ɗin makaranta ta haska fuskarta, ta taɓa goshinta, sannan ta juyo gare mu.

"Tun yaushe ne wannan?"

"Anti, tun lokacin sanyi take fama."

"Tun lokacin sanyi, ku ukun nan kuna kallonta? Ku je ku ɗauko mata hijabi. Mahaifinta zan kira yanzu, wannan ya fi ƙarfin nan."

Da safe muka shiga ɗakin gwaji mu uku. Wurin Auta yana nan da lambarta a manne, babu kowa. Ita tana asibiti a cikin gari, an tsaga wurin an fitar da mugunya, an sa mata ruwa da allurai. Da kumburin ya sauka aka ɗauki hoton haƙorin, aka ga ya riga ya rududduge ta ciki, babu abin da za a ceta. Aka cire shi. Ta rasa wannan gwaji, ta kuma rubuta takardu biyu na gaba da kumburarren kumatu. Yarinyar da take koya mana Kemistiri ba ta sami sakamakon da take nema a darasin ba. Jarrabawar NECO da ta biyo baya ce ta rufa mata asiri.

Bayan mun gama makaranta mahaifin Auta ya aiko a kira mu. Ya ce 'yarsa ta gaya masa duk abin da ta ci tare muka ci, saboda haka ya nemi izinin iyayenmu ya kai mu a duba bakinmu. Muka ce masa, "Baba, ai mu lafiyarmu ƙalau, babu mai ciwo." Ya ce, "Ita ma haka take cewa wata shida da suka wuce. Ku shiga mota, 'ya'yana."

Wannan ne karon farko da kowacce daga cikinmu ta hau kujerar likitan haƙori. Biyu daga cikinmu an sami ramuka a turamensu, ɗaya rami biyu, ɗaya rami uku, kuma babu wadda ta taɓa jin ko ɗan tsami. Ta ukunmu, mai gawayi, ba ta da rami, amma bayan haƙoranta na ƙasa ya cika da wani dauɗa mai tauri kamar siminti, dasashinta kuma da an taɓa sai jini. Likitan, wata mata mai sanyin magana, ta zaunar da mu bayan ta gama.

"'Yan mata, sau nawa kuke goge baki a rana?"

"Sau ɗaya, Likita. Da safe."

"Me ya sa da safe?"

Muka yi dariya, ɗayarmu ta ce don kada a ji warin bakinmu a aji.

"To kun goge don mutane," in ji ta. "Na dare shi ne na haƙoran, shi kuwa ba ku taɓa yi ba."

Daga nan ta yi mana bayanin da muka yi ta mamakin yadda bai taɓa shiga kanmu ba duk da zanen da muka yi. Babu wata tsutsa a cikin haƙori. Abin da ke akwai shi ne wani farin danƙo mai laushi da ke taruwa a jikin haƙora kullum, wanda mutum kan kankaro da farce in ya tashi da safe. Cike yake da ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Duk lokacin da sukari ya shiga baki suna ci, su fitar da asid, asid ɗin kuma ya riƙa narkar da ɓawon haƙori na kimanin rabin awa kafin yawu ya wanke shi ya fara gyara ɓarnar. In mutum ya ci zaƙinsa sau ɗaya tare da abinci, hari ɗaya ke nan, yawu zai iya da shi. In kuwa yana jefa minti a baki kowane rabin awa daga tara na dare zuwa biyu, kamar yadda muke yi, to haƙori ya kwana cikin asid ba hutu. Yawan lokutan da zaƙi ke shiga baki yana da illa kamar yawan zaƙin kansa, kuma mai danƙo irin iloka da hanjin ligidi ya fi daɗewa a maƙale.

Abin da ya ƙara dagula namu shi ne barci. In mutum ya yi barci yawu yana raguwa ƙwarai, shi ya sa baki ke bushewa ya yi wari da safe. Ke nan mun zuba wa ƙwayoyin cuta gari da sukari, sannan mun kwanta a daidai lokacin da mai gadin bakin ya tafi hutu. Haƙorin da Auta ta rasa kuwa shi ne babban turmi na farko, wanda ke fitowa tun yaro yana ɗan shekara 6 a bayan haƙoran yarinta, ba tare da wani ya faɗi ba. Saboda haka iyaye da yawa suna ɗauka shi ma za a yi famfararsa, alhali na dindindin ne. Ya fi sauran daɗewa a baki, samansa yana da kwarmi inda abinci ke maƙalewa, don haka yana cikin waɗanda suka fi saurin yin rami.

Likitar ta rushe mana wasu abubuwan da muke alfahari da su. Ta ce danƙon nan mai laushi ne, ba ya buƙatar dirza. Buroshi mai tauri da ƙarfin hannu suna cinye gindin haƙori su sa dasashi ya ja da baya. Gawayi da toka da yashi suna kankare inamel, shi kuwa in ya tafi ba ya sake tsirowa, kuma in ya yi siriri sai rawayar da ke ƙarƙashi ta bayyana, wato mai neman fari ya ƙare da rawaya. Jinin da muke gani ba alamar tsabta ba ne, alamar dasashi ya kumbura ne saboda danƙon da ya kwanta a gindinsa. Maganinsa a ci gaba da gogewa a hankali har wurin, ba a guje masa ba. In an bar danƙon ya daɗe sai ya daskare ya zama simintin nan da buroshi ba ya iya cirewa, sai a asibiti. Asfirin kuma haɗiya ake yi in likita ya rubuta, ba a ɗora shi a kan dasashi, don ƙonawa yake yi. Ta ce kumburin da ya gangara wuya, ko ya hana buɗe baki ko haɗiya, ba abin jira ba ne ko na dare ɗaya, domin yana iya toshe numfashi.

Abin da ta ce mu yi bai da wuya. A goge sau biyu a rana, minti biyu kowane lokaci, ɗaya daga ciki ya zama na ƙarshe kafin barci, bayansa ba abin da zai shiga baki sai ruwa. Buroshi mai laushi, a karkata shi wajen da haƙori ya haɗu da dasashi, a bi waje da ciki da saman turame, a goge harshe. A duba jikin makilin a tabbata yana da sinadarin fuloraid, wanda ke ƙarfafa ɓawon haƙori. Ana rubuta adadinsa, kuma tsakanin 1000 zuwa 1500 ake so. In an gama a tofar kawai, kada a kurkure da ruwa nan take, don sinadarin ya zauna ya yi aiki. Wannan ya fi ba mu wuya, domin mun saba kurkurewa sau uku. A canza buroshi bayan kamar wata uku ko da zarar gashinsa ya baje, kuma kada a yi aronsa ko tsakanin 'yan uwa. A bar sakace da allura ko fil ko tsinken tsintsiya, a nemi zaren sakace. A bar buɗe kwalba da haƙori. Sannan a je a duba baki ko babu ciwo, ko da sau ɗaya ne a shekara.

Muka tambaye ta asuwaki, domin duk mun taso muna jin falalarsa a Islamiyya, amma mun yar da shi muna ganin na tsofaffi ne. Ta ce asuwaki yana cire danƙon sosai in an iya amfani da shi: a tauna bakinsa ya yi laushi, a kai shi har turamen baya da cikin haƙora, ba na gaba kawai ba, a yanke bakin in ya tsufa, a ajiye shi wuri mai tsabta. Ta ce mu riƙe shi da rana, mu haɗa da makilin mai fuloraid safe da dare. Bayan 'yan makonni muka je gaishe da kakar ɗayarmu, tsohuwa ce tukuf amma har yanzu tana shan rake da haƙoranta. Da ta ji labarin ciko sai ta dubi jikarta ta ce, "Ke kishiya, tun yanzu? Ni a shekarunku sai a yi wata ban ga sukari ba, kuma ban taɓa alwala ba asuwaki a hannuna." Goro ya rina haƙoranta, wannan gaskiya ne, amma suna nan.

Maganar sukari da ta yi ta sa muka yi wa kanmu lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada sukarin da babban mutum ke ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato wajen ƙaramin cokali 12, in ma ya tsaya a rabin haka ya fi. Kwalbar lemo ɗaya tana iya ɗauke da fiye da rabin wannan adadi. Mu kuwa garin dare kaɗai ya kusa cinye kason, ban da shayin safe da alawar da ke tsakani. Hukumar ta kuma ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa mutane kusan biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki a duniya, kuma ruɓewar haƙori da ba a yi wa magani ba ita ce ta fi yawa. Kowace ranar 20 ga Maris ana bikin ranar lafiyar baki ta duniya. Ta 20 ga Maris ɗin shekararmu ta ƙarshe ta wuce muna cusa wa Auta kanumfari.

Yanzu da muke gida, kowacce ta ɗauki ƙannenta a matsayin aikinta. Wanda bai kai shekara 3 ba ana shafa masa makilin kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake, kuma babba ya tsaya a kansa don kada ya haɗiye. Mun daina cewa haƙoran yara ai zubewa za su yi, domin su ne ke riƙe wa na dindindin wuri, kuma ciwonsu ciwo ne. Mun kuma koyi leƙa bakin yaro in yana ƙin cin abinci ko bakinsa yana wari. Cutar noma, mai cin kumatu da leɓe, daga ɗan gyambon dasashi take farawa, galibi a yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da ke fama da rashin abinci mai gina jiki, kuma in an kama ta da wuri magani yana tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibiti na musamman don ita tun 1999, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bayan buƙatar da Najeriya ta jagoranta.

Ga ƙannenmu da ke shirin jarrabawa bana, mun san za ku yi karatun dare, mu ma mun yi. In barci ya zo ku sha ruwa, ku tashi ku taka, ko ku tauna gyaɗa. In za ku sha gari ku sha da wuri, sannan ku goge baki kafin ku buɗe littafi, domin wanda ya bari sai ya gama karatu, barci ne zai riga shi. Kuɗin alawar da muke kashewa a mako biyu ya isa ya sayi makilin da buroshi. In kuma ƙawarki ko abokinka ya fara dafe kumatu in ya sha ruwan sanyi, ku raka shi wurin nas a ranar. A wannan matakin ɗan ciko ne na minti kaɗan. Mu mun jira wata biyar.

Auta ta sami gurbin karatun jinya da take so. Giɓin yana can baya, ba a gani sai ta yi dariya sosai, amma har yau da gefen dama take tauna nama. Kullum wajen ƙarfe goma na dare takan turo mana saƙo mu uku a waya, kalma biyu kacal: "Kun goge?" Akwai daren da mukan tashi daga kan gado mu je mu yi kafin mu ba ta amsa.